Ɗan Kwana-Kwanan da Nonon Uwarsa Ya Hana Aure

Duk wanda ya ce maka aikin kashe gobara ne ya tsofar da Shebwana, to bai san garin nan ba. Wuta ba ta taɓa yi masa komai ba, ban da ɗan tabo a bayan hannu. Abin da ya sa masa furfura tun bai kai arba'in ba, ya mai da shi mutum mai tafiya yana tsaki shi kaɗai a kan hanya, nonon mahaifiyarsa ne, Allah ya jiƙanta.

Sunanta Bi Mwanahawa, don mu nan bakin teku Bi muke sa wa sunan babbar mace. Mace ce da Allah ya hore wa nono, ya kuma hana ta bakin cewa a'a. Shebwana ne ɗanta na fari, ta jero masa ƙanne rututu, ta yi kusan shekara ashirin ba ta sauke goyo ba. Mai jego ta kwanta zazzaɓi, a kai mata jaririn. Wata nononta ya ƙafe, a kai mata. Wata za ta haye ruwa zuwa biki, ta dire nata ta ce, "Yanzun nan zan dawo," ba za a sake ganin ta ba sai an gama biki an share wuri. Ita ko tana zaune tana kankarar kwakwa, ɗa a dama ɗa a hagu, ko tambayar na wane ne ba ta yi. Gari ya yi ta sa mata albarka. Ba a samu mai hankali ko ɗaya da ya tuna cewa jariran nan girma za su yi ba, kuma duk yarinyar da ta sha nonon nan ta zama ƙanwar Shebwana har abada, babu aure tsakaninsu.

A kan wata yarinya ta bayan masallacin Juma'a ya fara ganewa. An kai magana, ana cikin murna, sai kakarta ta ɗago kai daga saƙar tabarma ta ce, "Ɗan wa? Ɗan Mwanahawa? Kai, ku rufa mana asiri, ai a cinyarta yarinyar nan ta yi wayo." Ta biyu ma haka. Ta uku har an sa rana, an ɗinka masa farar jallabiya, sai uwar tasa ta ga yarinyar ta yi dariya, ta dafe ƙirji ta ce, "Lah! Wannan wushiryar na san ta."

"Inna, don girman Allah wa kika bari a garin nan?"

"Yo ni na san za ka so ta? Jaririya na tsala ihu, sai in zuba mata ido?"

"Ai da kin ba ta ruwa!"

"Ji ɗan banza. Allah ya shirye ka."

A cikin wannan takaicin ya shiga aikin kwana-kwana. Tashar tana nan bakin ruwa inda take har yau, ginin dutsen teku mai jar ƙofa. Turawa suka gina ta bayan babbar gobarar da ta cinye rabin gari zamanin kakanninmu, suka yi mata doguwar hasumiya da ake rataye mesa ta bushe, suka liƙa mata ƙararrawar wani jirgi da ya nutse. Daga baya aka kawo mota. Motar da ba ta taɓa ganin cikin gari ba, don lungunanmu jaki biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya ja da baya. A bakin ruwa take tsayawa tana zuƙo teku, maza su saɓi mesa a kafaɗa su ruga, suna jona wannan da waccan har su kai inda wutar take. Shebwana na da gudu, ya kuma san lungu, nan da nan aka ɗauke shi.

To amma isa wurin wuta daban, a bar ka ka kashe ta daban. Gidajenmu ƙasa ta maza ce, sama ta mata, can ƙololuwa ƙarƙashin jinkar ganyen kwakwa kuma nan madafa take. Wato wuta kullum tana tashi ne a daidai wurin da namiji baƙo ba ya hawa. Sai ka ga 'yan kwana-kwana sun iso suna haki, hayaƙi ya turnuƙe sama, maigida ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa yana cewa, "Ku dakata mata su kimtsa." Ina ruwan wuta da kimtsi? Shugaban tashar, Sajan Mwakio, mutumin can kan duwatsu ne, ba a nan aka haife shi ba, sau da yawa an ga ya cire hular kwano ya buga da ƙasa don baƙin ciki.

Wata rana ana wannan jan-in-ja sai wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Wancan ba Shebwana ba ne? Ku bar shi ya hau mana, ai yayan matar gidan ne." Ya hau, ya kashe. Shi ke nan, daga ranar ya shiga uku.

Ranar hutunsa, a kira shi. Yana gun wanzami an aske rabin kai, a kira shi. Yana sahun gaba a masallaci, a taɓa shi ta baya. Ya iso kuma ba a gama ba, sai an zauna zaman tantance dangi a bakin ƙofa. "Uwargidan ta sha, wannan mun sani. Ƙanwar mijin fa?" "Ta sha." "Ƙarya ne, yayarta ce ta sha." "To ita ta lulluɓe ta shiga bayan ƙofa." Shi ko yana tsaye da mesa a hannu, ruwa na tsiyaya cikin takalminsa, yana cewa, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, gidanku ne ke ci, ba nawa ba!" Da aka buɗe sabuwar tasha a Mambasa aka nemi ƙwararru har da ƙarin girma, Sajan ya ƙi sakin sa ƙememe. Ya ce, "In ka tafi wa zai hau mini sama? Ni uwata 'ya'yanta kaɗai ta shayar."

Mace ɗaya ce tak a unguwarsu da nonon nan bai taɓa bakinta ba, ita ce Riziki. Uwarta da Bi Mwanahawa sun ɓata ne a kan kujerar kankarar kwakwa, irin mai bakin ƙarfe mai haƙora, da aka ara aka mayar da haƙori ɗaya a karye, suka mutu ba sa ga maciji da juna. Shebwana ya sa wa kujerar nan albarka ba adadi. Yana son Riziki, so na gaske, irin wanda ke sa ƙato ya bi doguwar hanya don kawai ya wuce ta ƙofar gida. Amma da yake an ƙona shi sau uku, sai ya ce wannan karon ba zai buɗe baki ba sai ya tabbatar. Ya bi tsofaffin gari ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: "Bi wance, kin tabbata ko sau ɗaya ba a taɓa kai ta wurin innata ba? Ko da kuskure?" Ya cinye shekara yana wannan shirme, ita yarinyar bai ce mata uffan ba. Ran da ya gama tabbatarwa ya yi wanka ya nufi gidansu, sai ya tarar Famau mai jirgin ruwa ya riga shi, ita ma ta amsa da murnarta.

Haka ya zauna tuzuru, yana kwana a ɗakin bayan tasha, yana hawa saman gidajen ƙannensa yana kashe musu wuta, suna aiko masa da shinkafar kwakwa da kifi suna cewa, "Yaya, wai kai yaushe za ka yi aure ne?" In ya ji wannan tambaya har abincin ya fita daga ransa.

Shebwana na dab da shekara hamsin Famau, mijin Riziki, ya kwanta ciwo ya rasu. Shebwana ya yi masa salla da zuciya ɗaya, ya ɗauki makara, har hawaye ya yi, don Famau mutumin kirki ne. Amma a hanyar dawowa daga maƙabarta sai ya tsinci kansa yana tunanin bangon ɗakinsa ya yi dauɗa. Ya yi istigifari. Washegari dai ya sayi farar ƙasa ya shafe bangon. Ya ƙudura a ransa cewa ranar da Riziki ta fita takaba, ranar zai aika, ba bincike, ba shawara da kowa.

Takaba kuwa a garin nan ba wasa ba ce. Malamai sun faɗa har sun gaji cewa in lalura ta zo mai takaba ta fita, addini bai hana ba. Tsofaffin mata suka ce sun ji, suka ci gaba da nasu: namijin da ba muharrami ba ba ya ganin ta, ba ta yi masa magana, ƙafarta kuma ba ta taka dokin ƙofa. Wadda ta saɓa, za a ce dama can ba ta son mijin, kuma maganar za ta bi ta har kabari.

Takabar ta kusa ƙarewa, wata rana da hantsi iska na kaɗowa daga teku, maƙwabciyar Riziki tana suyar kifi a sama, mai ya kama, jinka ta kama, wuta ta tsallaka jinkar gidan Famau. Aka buga ƙararrawa. Da Shebwana ya ji sunan lungun, shi ya fara isa, ya bar masu jona mesa can baya.

Lungu ya cika maƙil. Matan da ke taya Riziki zama duk hayaƙi ya koro su ƙasa suna salati. Ita kuwa ta shige ɗakin ƙurya a sama ta danna sakata, ta ce ba inda za ta. Aka fara kiran da aka saba, "Ina Shebwana? A bar Shebwana ya hau!" Sai kuma aka tuna cewa duk faɗin unguwar wannan ne gida ɗaya da ba shi da ƙanwa a ciki.

Bai tsaya jiran izinin kowa ba, ya haye. Bi Mishi, goggon marigayi, wadda ita ke tsaron takabar, ta biyo shi tana riƙe da bayan rigarsa tana cewa, "Kai ɗan nan, ina za ka? Ba ka da kunya?" Ya duba ƙofar ɗakin, katako ne irin na dā, mai kaurin tafin hannu. Ya ɗaga kai ya duba sama, azara ta fara ƙara. Kafin gatari ya ci ƙofar nan, rufin ya riga ya sauko.

Ya buga da ƙarfi. "Riziki! Buɗe!"

Daga ciki aka yi tari, aka ce, "Goggo, ki gaya wa mutumin nan ya sauka."

"Ka ji, ta ce ka sauka."

"Na ji, ai ba kurma ba ne ni! Goggo, ki gaya mata rufi zai faɗo mata a ka."

"Ya ce rufi zai faɗo."

"Ki ce masa in kwanana ya ƙare, ya ƙare. Ba zan taka ƙofar nan da ƙafata a yi da ni a gari ba."

"To ki bari a ɗauke ki! Goggo, ki ce mata a ɗauke ta a lulluɓe, ƙafarta ba za ta taɓa ƙasa ba."

"Wa zai ɗauke ni? Ubana ya mutu, yayana yana can tsibirin Unguja. Ƙaton banza zai taɓa ni ina cikin takaba?"

Kai, jama'a! Shebwana ya jingina goshi da ƙofar, katakon har ya ɗau zafi. Shekara da shekaru yana hawa gidajen garin nan, ya san magana ɗaya ce ke buɗe ƙofa. Ya kuma san abin da za ta ci masa, sani na haƙiƙa, don shi aka fi yi wa karatun nan. Ya tsaya kamar na numfashi biyu yana jin haushin uwarsa, da uwar Riziki, da Bi Mishi, da garin gaba ɗaya. Wani garwashi ya faɗo kusa da ƙafar tsohuwar, ta yi tsalle.

Raɗa ba za ta yi amfani ba, don ba shi Riziki ke tsoro ba, lungu take tsoro. Sai ya je taga ya leƙa kan jama'a ya ɗaga murya yadda har na bakin ruwa za su ji.

"Ku saurara! Riziki ƙanwata ce! Shekarar da uwarta ta yi zazzaɓi har ta fita hayyacinta, ta kan katanga aka riƙa miƙa ta ga innata tana ba ta nono a ɓoye. An rufe ne saboda gabar da ke tsakaninsu. Ga Bi Mishi nan, ku tambaye ta!"

Bi Mishi ta dube shi, ta dubi wutar da ke lasar azara, ta dubi ƙofar. Tsohuwar nan ba wawuya ba ce. Ta matso taga ta ce, "Wallahi tallahi haka aka yi. Ni da hannuna na riƙa miƙa ta."

Sakata ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe. Ya rufa mata jiƙaƙƙen bargo tun daga ka har ƙafa, ya goya ta, ya tura Bi Mishi gaba, suka sauko. Sajan Mwakio ya daka wa maza tsawa kowa ya juya fuska ga bango. Ba su kai ƙarshen lungun ba rufin ya rufta. Ƙasan gidan dai an cece shi, don a lokacin ruwa ya iso.

Gari ya ɗauka. Wai ashe Mwanahawa har 'yar maƙiyiyarta ta shayar, Allah ya kai haske kabarinta. Aka samu tsofaffi har uku da suka ce su ma yanzu sun tuna. Shebwana ya ce a ransa bari ƙura ta lafa, a gyara magana.

Da takaba ta ƙare ya je wurin Bi Mishi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Goggo, maganar nan ta ranar gobara. Ni da ke mun san yadda take. Ina so ki warware ta."

"Wace magana?"

"Haba, Goggo."

"Kai ɗan nan, na rantse da Allah a gaban gari, yanzu kana so in fito da furfurata in ce ƙarya na rantse? Kuma in ce yarinyar nan ƙaton waje ne ya goya ta tana takaba? Tashi ka ba ni wuri. Ni ma da na yi ta tunani, ina ganin kamar an yi hakan."

Ya tafi wurin alƙali, ya kwashe gaskiya ya gaya masa. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya ce ceton rai ya yi, Allah ya ba shi lada. Sannan ya ce, "Amma Shebwana, ba wani ya faɗa a kanka ba. Kai ka faɗa da bakinka, a gaban jama'a, ga mai shaida. Yau ka zo ka ce ka janye, kuma kai ne mai son auren. Ka gaya mini, wa zai ɗaura?"

Ya fito daga wurin alƙali. Ƙafarsa ta kai shi gidan da Riziki ke zaune. Ya yi sallama, aka ce, "Yaya ne? Hawo mana." Karo na farko a rayuwarsa ya zauna gaba da gaba da ita, ba labule, ba kowa, ta zuba masa gahawa da hannunta. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya ce, "Kin san ƙarya na yi."

"Na sani mana. Innata ko a sume take, aka nufi katangarku da ni sai ta farfaɗo."

"To me ya sa kika buɗe?"

"Tsoro nake ji, Shebwana. Mutuwa nake gani ƙiri-ƙiri. Ina neman wanda zai ba ni hanyar fita ba tare da an yi da ni ba, kai ka ba ni." Ta juya kofin a hannunta. "Na ji an ce ka shafe ɗakinka da farar ƙasa."

Ya kurɓi gahawar. Ita kuwa ta ci gaba.

"Kai dai ba ka iya lokacin magana ba. Da ina budurwa na yi shekara ina kallon ka ta taga kana wucewa kana dawowa kamar mai neman akuyar da ta ɓata, ka tambayi kowace tsohuwa a kaina, ni ba ka tambaye ni ba. Yanzu da ka tashi buɗe baki, sai ka buɗe shi ga gari duka. Ka ma san abin da ka ja mini? Duk namijin da innarka ta shayar ya zama ɗan'uwana. Rabin mazan garin nan ka haramta mini a hantsi ɗaya."

Ya ce a ransa, to ko wannan ma wani abu ne. Bai gama jin daɗin ba ta ce, "Lali mai alewa ya aiko. Jibi danginsa za su zo. Yayana ya yi nisa, ya ce a yi, a naɗa masa wakili. Duk cikin 'yan'uwan nonon da ka yi mini a garin nan kuwa kai ne babba. Kai za ka zauna mini."

"Ni?"

"To wa? In ka ƙi zama, mutane za su tambayi dalili."

Ya zauna. Ya sa jallabiya mai kyau, ya zauna a zaure a mazaunin babban wa, Sajan Mwakio a gefensa don ya ce ba zai iya zuwa shi kaɗai ba. Lali ya shigo da kawunnansa, mutum mai ƙiba mai fara'a, yana ƙamshin man shanu da sukari, ya durƙusa ya ce, "Yaya, mun zo neman iri."

Shebwana ya daɗe yana kallon sa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya jefa shi.

"Lali, kafin a je ko'ina. Kana jariri, ba a taɓa kai ka wani gida an ba ka nono ba? Ka tuna da kyau. Nan unguwar, wajen wata mata mai yawan 'ya'ya?"

Lali ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Haba, Yaya, ni can garin Malindi aka haife ni. Da gemuna na zo garin nan."

"Ko sau ɗaya ba a taɓa kawo ka ziyara ba?"

"Ko sau ɗaya."

Kawunnan suka dubi juna, suka yaba, suka ce kai, yarinyar nan ta yi dacen wa mai kula da addini. Sajan ya sunkuyar da kai. Daga bayan labule Shebwana ya ji motsin awarwaro, ya san tana nan tana saurare.

Ya gyara murya sau biyu. A na uku ya ce, "To, na ba ka ƙanwata. Ka riƙe ta amana."